Bayin Ƙarƙashin Matakala

Gidanmu na Bilbis, Baba ya gina shi
da kuɗin dakon Abijan na shekara tara.
Ƙasansa laka ne, samansa siminti.
Ya kai wurin wanka sama, yadda ya gani a bakin teku,
ruwan pampo kuwa bai taɓa son hawa ba:
sai tsakar dare yake tari cikin bututu,
ya tofo rabin bokiti, ya koma.

Tsohon makewayi na can ƙurya, bayan bedi,
taku talatin, buta a dama, tocila a hagu.
Sama kuma matakala goma sha huɗu.
Gwiwar Inna Tsahara ta ƙi duka biyu.

Nomau ya bugo waya, ya ce a fasa ƙarƙashin matakala,
inda gawayi yake da tsohon keken ɗinki.
Ya aiko jika ɗari da hamsin.
Arzika magini ya zo, ya ƙwanƙwasa bango,
ya kasa kunne kamar mai cinikin kankana,
ya ce, "Laka da ruwa ba su ga maciji.
Zan yi, amma ku shaida na faɗa."

Inna ta gindaya nata:
kada ya dubi gabas, kada ya ba ta baya.
Da aka gama ta leƙa, ta ga fararen karo, ta ja tsaki.
"Yaushe masai ya zama maƙwabcin akushi?"
Kwana tara tana jan ƙafa zuwa bayan bedi,
sai daren da hadari ya sauko Tawa da ƙarfi,
tsakar gida ta zama tabki.
Na ji ƙofar langa-langa ta yi ƙara sau ɗaya.
Da safe ba ta ce komai ba, ni ma ban tanka ba.

Yanzu taku shida ne daga gadonta.
Ruwa na zuwa, tunda ba a ce ya hau ba.
Baƙo ba ya ratsa ɗakin kwananmu,
ba ya ganin shanyar da ba a kwashe ba.

Amma bayin ƙasa ba shi da sirri.
Ranar da dangin mijin Ramatu suka zo gaisuwa,
muna zaune, ana zuba shayi na biyu,
kawun ango ya nemi buta.
Bango ɗaya ne tsakaninmu da shi.
Na ƙara wa rediyo murya har ƙarshe,
muka saurari farashin albasa kamar wa'azi.

Mai tallar nono ta san ƙofarsa,
yaran maƙwabta sun san inda sabulu yake.
In iska ta juyo daga yamma
sai a kunna turaren wuta, a ce don sauro ne.
Damina in ta yi nauyi, ramin yakan yi gyatsa.
Gawayi ya koma zaure, yana baƙanta rigunan baƙi.

Ga kuma maganar Arzika, ta fito a jikin bango:
danshi ya zana taswirar wata ƙasa,
gishiri ya yi mata furfura a baki-baki,
yaɓe na zubowa kamar ɓawon gyaɗa.
Na sa alama da ƙusa bara waccan.
Bana ta wuce da yatsa uku.

Nomau ya ce a rushe, a zuba bulo.
Da wane kuɗi? Kuma Inna ta kwana ina?
Arzika na zuwa bayan kowace kaka,
ya shafe, ya karɓi jika takwas,
ba ya cewa "na faɗa", sai dai ya dubi ƙusar.

Wani lissafi nake yi da dare, ba na son sa:
bangon nan da Inna, wa zai riga gajiya?

Asuba ta yi. Ina sama, ido biyu.
Na ji takalminta, ɗaya, biyu, har shida,
na ji pampo, na ji tana bismillar alwala a bakin ƙofa.
Ba ta kira sunana ba.
Na ja zane, na juya.